Kurman Mafaza da Faifan 'Yarsa

Shagona yana layin masu gyaran rediyo a kasuwar Gadarif, tsakanin wani mai ɗinkin jallabiya da wani mai sayar da batir. Faɗinsa bai wuce na tabarma biyu ba. Da rediyo na fara, na koma talabijin, da faifai ya kori kaset kuma na hau mota zuwa Khartum na sayo tsohuwar kwamfuta na koyi kwafa da juyi. Shekaruna a lokacin sun haura arba'in. Mahaifiyata ta rasu, ƙannena biyu suna Saudiyya, matata kuwa mun rabu ta koma Bur Sudan wajen iyayenta da ɗanmu. Ni kaɗai nake kwana a gidan, ni kaɗai nake tashi, in na dafa shayi kofi ɗaya nake wankewa.

Aikin juyi ba ya buƙatar dogon bayani. Talabijin ɗin ƙasarmu yana nuna hoto ashirin da biyar a daƙiƙa ɗaya, na Amurka yana nuna kusan talatin, kuma yawan layukan da ke cikin hoton ba ɗaya ba ne. Mu a sana'a muna kiran namu PAL, nasu NTSC. Faifan da ya zo daga Saudiyya ba ya ba da wahala. Wanda ya zo daga Amurka ko Kanada kuwa, in aka sa shi a tsohon talabijin, sai launi ya gudu, hoton ya yi ta birgima daga ƙasa zuwa sama kamar ana jan guga. Sai a kawo mini in juya shi zuwa tsarinmu. Yawanci biki ne ko suna. Haka na halarci bukukuwan mutane da yawa da ban sani ba, ina zaune a kan kujerar roba. Zamanin ne da masu sintirin ɗa'a suke leƙa shagunan faifai su ga abin da ake kwafa, saboda haka ƙofata kullum a buɗe take, allon kuma yana fuskantar bango, sauti a kunnena kaɗai.

Wata Laraba a farkon damina wani dattijo ya shigo, takalmansa ɗauke da baƙin taɓon nan namu mai kama ƙafa. Dogo ne, siriri, rawaninsa ya sha wanki. Ya yi sallama da ƙarfi har mai ɗinki ya ɗago kai. Na amsa ina duban wani rediyo da na buɗe. Ya tsaya yana jira. Da na ɗago, sai ya nuna kunnensa ya ce, "Ɗana, in za ka yi magana ka dube ni. Da ido nake ji."

Ya zauna a benci ya gaya mini ko shi wane ne. Daga ƙauyen Mafaza yake. Shekara talatin ya yi yana tsaye a kan injin niƙa, ƙarar injin ta ci kunnensa kaɗan kaɗan, wani zazzaɓi ya zo ya ƙarasa sauran. Matarsa ta rasu. 'Ya ɗaya ta rage masa, ta auri ɗan ƙanen mahaifiyarta, mijin ya ci ƙuri'ar biza suka tafi Amurka shekara shida ke nan. Takan buga wayar maƙwabcinsa, maƙwabcin ya juyo ya ce masa tana gaishe shi, tana lafiya, yara suna lafiya. Abin da yake samu ke nan.

"Gaisuwa ce ake ba maƙwabci," in ji shi. "Magana ba a ba maƙwabci."

Ya ciro faifai daga cikin wani ƙyalle. Wani matafiyi ne ya kawo shi da hannu. Ya ce yana da ƙaramin talabijin mai aiki da batir, maƙwabci ya ara masa na'urar faifai, amma da suka saka sai hoto ya yi ta gudu. An danna wani maɓalli hoton ya tsaya, sai dai yana tsalle. Ya ga fuskar 'yarsa, ya ga bakinta yana motsi, bai kama ko kalma ɗaya ba.

Na ce masa ya dawo bayan azahar. Na ɗauka aikin awa biyu ne.

Na saka faifan. Rabin farko yara ne biyu suna wasa a wani fili fari fat da ƙanƙara, sai ɗaki, sai kicin. Daga nan aka ajiye kyamara a kan tebur, wata mace mai kimanin shekara talatin ta zo ta zauna daf da ita, ta gyara mayafi, ta fara magana a hankali, tana buɗe baki sosai kamar wadda ta saba da magana da kurma. Dole ne in saurara don in tabbatar sauti yana tafiya tare da hoto. Minti bakwai ta yi. Da na cire abin kunnen na ji kamar na shiga ɗakin mutane ba sallama.

Ta ce aurenta ya mutu tun bara. Ta ce ita ke riƙe da yaran. Ta ce ta sami aiki a wani gida da ake ajiye tsofaffi, tana yi musu wanka, tana ba su abinci a baki, tana juya su a gado. Ta ce alkawarin da ta yi na zuwa da kakar riɗi ba zai yiwu ba, kuma ba ta san ranar da zai yiwu ba.

Na juya faifan yadda nake juya na biki. Hoton talabijin saƙa ce: kowane hoto rabi biyu ne, a zana layi na ɗaya da na uku da na biyar, sannan a dawo a cike na biyu da na huɗu da na shida, kuma tsakanin rabin farko da na biyu abin da ake ɗauka ya riga ya ɗan motsa. Shi ya sa in ka duba a kwamfuta, duk abin da ke motsi gefensa yake fitowa da haƙora kamar matsefi. Hanya mai sauri ita ce ka zubar da rabi ɗaya, sannan a cikin kowane hoto shida ka jefar da guda. Shekaru ina yin haka, ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi. Amarya tana tafiya, ango yana murmushi, shi ke nan.

Bayan azahar dattijon ya dawo. Na juya masa talabijin ɗin gwaji, na ja benci kusa. Ya ga jikokinsa ya yi dariya da ƙarfi. Da 'yar ta zauna sai ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Na ga goshinsa yana tattarewa. Bayan minti ɗaya ya ɗaga hannu, ya kira ni usta, yadda ake kiran mai sana'ar hannu a nan.

"Usta, bakinta yana cinye haruffa. Ko Baba ɗin ban gani ba."

Na mayar da hoton baya na duba a hankali. Gaskiyarsa ce. Don a ce Baba sai leɓe ya haɗu sau biyu, haɗuwar kuma ƙiftawar ido ce. A cikin abin da na zubar har da waɗannan haɗuwar. Mai kunne ba zai lura ba, domin kunne yana cike masa gurbin.

Na taɓa gwiwarsa ya dube ni. Na ce, "Baba, na ji abin da ta ce. In kana so in gaya maka yanzu. Ta ce..."

Sai ya rufe ido. Ya zauna haka, idanu a rufe, hannaye a kan cinya, ni kuma baki a buɗe. Ban taɓa ganin an katse mutum irin wannan ba. Da ya tabbatar na yi shiru ya buɗe.

"Da ina son a gaya mini, da ban hau lori ba. Ka gyara. Laraba mai zuwa zan dawo."

Haka na shiga makon ɗauke da labarin gidan da ba nawa ba, ba wanda zan sauke wa. Ina cin ful, dafaffen waken nan namu, da safe a gaban shago, maganar tana cikina. Ina komawa gida da yamma in share tsakar gida, tana cikina. Na sha tunanin wata mace a can ƙarshen duniya tana goge bakin wani tsoho da ba ta san garinsu ba. Na kuma yi tunanin ɗana, wanda rabona da shi shekara uku, ko a wane yare yake mafarki yanzu, Hausa ko Larabci. Sau ɗaya na ɗauki waya in kira gidan kakanninsa, na ajiye.

A gwaji na biyu ban zubar da komai ba. Na sa kwamfuta ta gauraya rabin biyu su zama hoto ɗaya, ta kuma gauraya hotunan da ke maƙwabtaka. Haƙoran matsefi suka ɓace, motsi ya yi laushi, na ji daɗi. Ranar Laraba ya zo, ya duba, ya girgiza kai.

"Yanzu baki biyu gare ta. Ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe. Wanne zan karanta?"

Bai yi fushi ba. Lorin Mafaza ba ya tashi sai bayan la'asar, don haka ya zauna a bencina ya wuni. Na aika wa mai shayin bakin layi ta kawo mana biyu, nasa da citta. Da rana muka ci kisra, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa a kwano ɗaya. Ba mu yi hira mai yawa ba, domin in ina aiki bayana nake ba shi, shi kuma ba ya jin bayan mutum. Amma na lura hannuna ya fi natsuwa a kan ƙarfen walda in yana zaune a wurin. Yakan ɗora tafin hannu a kan rediyon da na gama gyarawa ya ji rawar jikinsa, ya ce, "Wannan ya tashi." Wani lokaci ya ce, "Wannan da saura." Bai taɓa kuskure ba.

Akwai wani attajiri mai sayar da yadi da yake da babban talabijin mai karɓar kowane tsari. Na ce masa mu je can, cikin minti goma zai ga komai yadda aka ɗauka. Ya ce ba zai kai fuskar 'yarsa falon wani ba. Kuma so yake ya tafi da abin gida ya riƙa kallo duk ranar da ya ga dama.

Na je shagon intanet da ke kusa da tasha, ɗauke da ƙamus, na yi yini biyu ina haƙa a rubuce-rubucen masu sana'a irin tawa na wasu ƙasashe. Wasu shafukan da sun ga daga Sudan kake sai su rufe maka ƙofa. A waɗanda suka buɗe na fahimci abin da ya kamata. Kada a zubar, kada a gauraya. A warware saƙar, kowane rabi a cike masa layukan da ya rasa ya zama cikakken hoto, a sami sittin a daƙiƙa. Daga sittin a zaɓi hamsin, a daidaita tsayinsu da namu, sannan a sake saƙa su biyu biyu yadda talabijin ɗinmu yake so. Abin da za a rasa kaɗan ne ƙwarai, bai kai tsawon haɗuwar leɓe ba.

Kwamfutata tsohuwa ce. Ko nuna hotuna sittin ɗin nan ba ta iya yi ba tare da tuntuɓe ba, balle lissafa su. Minti bakwai na maganar nan yakan ɗauke ta tun safe har la'asar, in kuma aka ɗauke wuta a tsakiya sai a koma farko. Sau uku aka ɗauke a makon. Na ajiye aikin mutane, wani mai faifan suna ya zo ya yi mini faɗa ya tafi da abinsa. Na huɗu na bar shi ya kwana yana yi, ya kammala da safiyar Laraba, faifan yana fitowa da ɗumi dattijon yana sallama.

Muka saka tare. 'Yar ta zauna, ta ɗaga hannu ta gyara mayafi, sai hannun ya yi ta karkarwa, gaba, baya, gaba, baya, kanta ma haka, kamar mai jin sanyin masassara. Dattijon ya miƙe tsaye.

"Ba ta da lafiya? Me ya same ta?"

Na riƙo hannunsa na sa ya dube ni. "Lafiyarta ƙalau, Baba. Wallahi laifina ne." A wajen sake saƙar na sa rabin da ya kamata ya biyo baya a gaba, sai kowane motsi yake yin taki biyu gaba, ɗaya baya. A kwamfuta ba a gani, sai a talabijin. Gyaran maɓalli ɗaya ne, amma aikin yini guda.

Ya koma ya zauna. Sannan ya ce, "Na yi shekara shida. Mako ɗaya ba komai."

Larabar da ta biyo bai zo ba. An yi ruwa kwana biyu, hanyar Mafaza ta zama kunu, lori ba ya shiga. Na wuni ina ɗaga kai duk lokacin da inuwa ta faɗo a bakin ƙofa. Mai shayi ta kawo biyu ba tare da na ce ba, na shanye su duka.

Sai ranar Asabar ya iso, a bayan tarakta, da taɓo har gwiwa. Na riga na gwada faifan a talabijin uku. Na saka, na wuce wasan yaran, na koma gefe na zauna inda zan ga fuskarsa.

Ta ce, "Baba." Leɓunansa suka motsa tare da nata. Ya ce, "Na'am."

Ya bi ta kalma bayan kalma. A wurin da ta ambaci mutuwar auren ya ja dogon numfashi ya ce, "Inna lillahi." A wurin aikin tsofaffi ya kama gemunsa. Kusa da ƙarshe akwai inda ta juya kai gefe ta kai bakin mayafi ga idonta, tana magana a haka. Ya sa na mayar sau biyu. Sannan ya juyo, ya kafa ido a kan bakina.

"Nan fa? Me ta ce?"

"Ta ce, wa yake yi maka wanki yanzu?"

Ya koma ga talabijin ɗin, inda na tsayar da hoton tana duban gefe. Ya ce mata, da muryar nan tasa da ba ta san ƙasa-ƙasa ba, "Ni nake yi. Na iya."

Ya kalla sau uku. Mai ɗinki ya tsayar da kekensa.

Kafin ya tafi ya ce yana so ya ba ta amsa. Juma'ar da hanya ta bushe na ari kyamara wajen wani mai ɗaukar hoton biki na hau lori zuwa Mafaza. Gidansa bukka biyu ce ta ciyawa a cikin danga, da bishiyar lemun tsami, ba nisa da kogin Rahad. Ya sa fararen kaya, ya zauna a kan gadon igiya a inuwa, ya miƙe baya. Ya gaishe ta, ya gaida yaran ɗaya bayan ɗaya. Ya ce aure rai ne da shi, in ya ƙare ya ƙare, kada ta ɗauki kunya ta ɗora wa kanta. Ya ce tsofaffin nan da take wa wanka ta yi musu da kyau, ta rufe musu jiki, Allah yana gani. Ya ce kada ta zo da kakar riɗi, kada ta bar aikinta, dawa ta yi kyau bana. Ya ce ta koya wa yaran gaisuwa. Daga nan ya tashi ya ce in biyo shi, ya nuna wa kyamara akuyarsa, da rumbu, da igiyar shanya da riguna biyu a kai.

Wannan karon juyin ta ɗaya ɓarin ne, daga hamsin zuwa sittin, daga namu zuwa nasu. 'Yar tana da kunne, hanya mai sauri ta ishe ta. Duk da haka na bi doguwar. Ba ni da talabijin irin nasu da zan gwada a kai, sai na duba tsarin saƙar sau biyar na yi addu'a. Wani ɗalibi mai komawa can ya karɓi faifan a Khartum.

Bayan wata uku dattijon ya shigo da mudun riɗi a ƙulle cikin leda. Ya ce ta buga wa maƙwabci, ta ce ta gani, tas, har ƙwayoyin lemun da ke kan bishiya. Muka sha shayi. Ya ɗora hannu a kan wani rediyo ya ce ya tashi. Da la'asar na raka shi tasha.

Daga nan ba shi da dalilin zuwa Gadarif, ni kuma ban iya ƙirƙiro dalilin zuwa Mafaza ba. Sau da yawa na ce wannan Juma'ar zan je, Juma'ar ta wuce. Sau ɗaya direban lori ya kawo mini gaisuwarsa, na mayar da tawa da ƙullin shayi da sukari.

Shekara biyu bayan haka, lokacin yankan dawa, direban nan ya tsaya a ƙofar shago ya ce kurman nan mai injin niƙa ya rasu shekaranjiya. Na rufe shago na bi shi. An kafa rumfa a ƙofar gidan maƙwabcin, mutane ba su da yawa, domin rabin gari yana gona. Na ɗaga hannu muka yi fatiha. Na tambayi maƙwabcin ko 'yar ta sani. Ya ce ta sani, ta yi ta kuka a waya, takardunta ba su ba ta damar tahowa ba.

Na sami gefen tabarma na zauna. Ba wanda ya san ni. Wani tsoho mai farin gemu da ke kusa da ni ya dube ni ya ce, "Kai ɗan wa ne a cikin dangin?"

Na ce, "Ba dangi ba ne. Mai gyara ne daga Gadarif."

Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Aka kawo tire na tuwon dawa, ya turo shi gabana ya ce bismilla. Na ci loma kaɗan. Da aka kira la'asar na yi salla tare da su, na yi wa maƙwabcin sallama, na taka zuwa bakin hanya na jira lorin da zai koma.